Yadda Za Ka Taimaki Gyaɗarka Ta Jure Ciwon Ɗigon Ganye

Idan ganyen gyaɗa ya fara baƙi yana zubewa a ƙarshen damina, manoma da yawa cewa suke ta ƙosa, a tafi cira. Ni ban yarda da wannan lissafin ba. Sau da yawa ciwon ɗigon ganye ne ya tsige ta tun ƙwayar ba ta gama cika ba, kuma idan ya yi tsanani yana iya cinye rabin amfanin gona, ga harawar da ta koma tsinke zalla.

Da farko ka san abin da kake fama da shi. Ba kuturun gyaɗa ba ne, wanda darɓa ke yaɗawa, wanda ya durƙusar da noman gyaɗa a Arewa a 1975. Wannan fumfuna ce, kuma iri biyu ce. Ta farko tana fitowa wajen wata guda bayan shuka, tabo ruwan ƙasa da rawaya kewaye da shi. Ta biyu tana zuwa daga baya, ta fi baƙi, kuma a bayan ganye take tara ƙurarta, wadda da ita take yaɗuwa. Saboda haka in ka shiga gona, ka tsugunna ka juya ganyen ƙasa, don daga nan take hawa.

Yanzu batun juriya, wanda nan ne ake yawan ruɗewa. Irin da ake cewa mai juriya ba wai ba ya kamuwa ba ne. Yana kamuwa, sai dai yana ɓata wa cutar lokaci: tabon ya daɗe bai fito ba, in ya fito ya tsaya ƙarami, ƙurar da zai watsa wa maƙwabta ta yi kaɗan, ganye kuma ya ƙi faɗuwa da wuri. Ganyen yana haɗa wasu sinadarai masu kashe fumfuna a daidai wurin da ta huda.  Makonni biyu da irin ya jinkirta cutar, su ne ƙwaya ke cika a cikinsu.

Don haka ka nemi iri mai rajista. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, tare da cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa ICRISAT, ta fitar da jerin irin gyaɗa masu suna SAMNUT, amma ba duka ne ƙarfinsu ɗaya a kan ɗigon ganye ba. Wasu don kuturu da saurin nuna aka fi sanin su. Ka tambayi malamin gona takamaimai wanne ya fi riƙe ganye a yankinku.

Sauran aikin naka ne. Cutar tana kwana a tarkacen gyaɗar bara da gyauro, ruwan sama ya fantsama ta, iska ta kwashe. Ka tuge gyauro da zarar ya tsiro, ka binne tarkace lokacin huɗa. Kada ka maimaita gyaɗa a wuri ɗaya. Ka sa dawa ko gero ko masara, ba ta kama su. Ka shuka da zarar ruwa ya zauna, ka kuma kau da ciyawa don raɓa ta riƙa bushewa da wuri.

Feshi kuwa, a fara shi da ganin ɗigon farko, da maganin fumfuna irin su mancozeb ko chlorothalonil, a maimaita bayan mako bibbiyu. Maganin kariya ne, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya ƙone, wanda ya jira gona ta yi baƙi ya zubar da kuɗinsa ne kawai. Mai niyyar ba dabbobi harawa ya karanta takardar jikin maganin, domin akwai waɗanda aka hana ciyar da harawarsu.

Kafin cira, ka tuge gindi kaɗan daga wurare daban-daban, ka fasa ɓawon. In cikinsa ya yi duhu a yawancinsu, ta ƙosa. In fari ne fat, a ƙara mata kwanaki ko da ganyen ya ragu.