Biyan Tara Ba Ya Goge Laifin Hanya

'Yan'uwa masu tuƙi, da yawa daga cikinmu suna ɗauka cewa da zarar an biya tara, magana ta ƙare. A ƙasashe da dama ba haka abin yake ba, domin bayan kuɗin da aka karɓa, ana rubuta wa direba makin laifi a kan lasisinsa, kuma makin nan yana taruwa sannu a hankali har ya kai ga an hana shi tuƙi. A Birtaniya, wanda ya tara maki 12 cikin shekara 3 yakan rasa damar tuƙi na wata 6 aƙalla. Sabon direba kuwa, maki 6 kacal cikin shekara 2 na farko sun isa a soke lasisinsa, ya koma ya sake jarrabawa. A Jamus, maki 8 ne iyaka.

Saboda haka, idan an ba ku takardar tara, ku fara duba wa'adin biya, domin jinkiri yakan ƙara kuɗin ko ya kai mutum gaban alƙali. Idan kuna da yaƙinin ba ku yi laifin ba, ku shigar da ƙorafi kafin ku biya, tunda a wurare da yawa biyan tara tamkar amsa laifi ne. Idan kun biya, ku adana rasidin.