Yadda za ka tono tarihin yarintarka tun masu ba da labarin suna raye

Takarduna kaf sun ce an haife ni 1 ga Janairu 1982, kuma na san ba ni kaɗai ba ne, shiga kowane ofis ka ce 'yan ɗaya ga Janairu su ɗaga hannu ka ga ikon Allah. Ranar da aka kai ni firamare hedimasta cewa ya yi in ɗora hannu bisa kai in taɓo kunne, na taɓo, shi kenan ya yanka min shekaru ya rubuta, daga baya da za a yi takardar rantsuwa a kotu aka kwafe wannan ɗin. Sai da na kusa arba'in na zauna na bi diddigi, kuma abin da zan faɗa a nan shi ne yadda na yi, har da inda na yi kuskure.

Da farko dai, wa za ka tambaya. In kai ɗan fari ne kar ma ka ɓata lokacinka wajen mahaifiya, macen da ko sunanka ba ta iya faɗa saboda alkunya ita ce za ta zauna ta ba ka labarin naƙudarka? Za ta ce "oho, wa ya riƙe wannan" ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Baba kuma zai ba ka labarin kasuwa da siyasar NPN da PRP har dare, amma ranar haihuwarka sai ya ce ka tambayi mata. To ka tambayi matan. Kaka ce ta ɗaya saboda wasan da ke tsakani, babu abin da take jin nauyin faɗa maka, sai gwaggo, sai kishiyar uwa in akwai zaman lafiya, sai maƙwabciyar da ta yi wa mahaifiyarka wankan jego. Je da goro ko ɗan turare, ka je da hantsi ko bayan la'asar, kuma kar ka zaro littafi da biro kamar ɗan ƙidaya, da sun ga biro baki ya mutu. Ka nemi izini ka kunna rikoda a waya ka kife ta a gefen tabarma.

Kar ka taɓa cewa "wace shekara aka haife ni". Wannan tambayar ba ta da amsa a wajensu. Ka ce me ake ciki a gari lokacin, damina ce ko rani, an yi salla ko ba a yi ba, wa ya riga ni zuwa duniya ni da wane. Ni da na tambayi kakata, Allah ya jiƙanta, cewa ta yi "kai maigidan nan da naci kake, so kake ka ji ko ka isa ƙara aure?" Na ce amarya ai ke na ke so in san ko na girme ki. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce ranar Alhamis aka haife ni shi ya sa ake ce min Ɗanlami, Alhamis ɗin farko bayan babbar salla, don ko soyayyen naman layya bai ƙare a tukunya ba, ana cirar gyaɗa a ƙauye, kuma ina goye ban fi wata biyu ba aka yi tashin hankalin Maitatsine suka kwashe mu daga Fagge a ƙafa. Ka ga an gama ai. Rikicin Maitatsine a Kano Disambar 1980 ne, babbar sallar shekarar ta faɗo wajen 19 ko 20 ga Oktoba, na duba kalanda a intanet Alhamis ɗin da ta biyo baya 23 ga wata ce. Ashe hedimasta ya rage min shekara ɗaya da 'yan watanni.

Don haka ka riƙe 'yan abubuwan da tsofaffi ke ɗaure lissafi da su. Kisan Sardauna 15 ga Janairu 1966, cikin azumi ne. Yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Komawa tuƙi ta hannun dama 1972, shigowar naira da kwabo 1 ga Janairu 1973, kuma shekarar ce ta babban fari. Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, 1974 zuwa 1975, kisan Murtala 13 ga Fabrairu 1976, rasuwar Malam Aminu Kano Afrilun 1983, fashewar madatsar Bagauda 1988, rasuwar Abacha 8 ga Yuni 1998, kusufin ranar da gari ya yi duhu da safe 29 ga Maris 2006. Mutanenmu na Nijar su ma suna da nasu, kamar hawan Kunce mulki a Afrilun 1974 da yunwar 1984. Amma a yi hattara da "shekarar canjin kuɗi", don ba sau ɗaya aka yi ba, sai ka bi a hankali ka ji na fam da sule ne ko na Buhari da Idiyagbon na 1984, tsakaninsu shekara goma sha ɗaya ce cur.

Azumi ma agogo ne. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana goma ko sha ɗaya, shi ya sa azumi ke zagaye damina da sanyi da bazara ya dawo inda ya taso cikin kamar shekara 33. In an ce maka cikin azumin sanyi aka haife ka, to ko dai wajen 1965 zuwa 1967 ko wajen 1997 zuwa 2000, madubi kawai zai raba maka gardama. Azumin tsakiyar damina kuma wajen 1978 zuwa 1981, ya sake dawowa wajen 2011 zuwa 2014. Sunan rana da laƙabi kar ka raina su: Ladi da Ɗanladi, Talatu, Balarabe, Jummai, Asabe, Azumi, Tasalla, Anaruwa, Nomau, Gambo mai bin tagwaye, Tanko ƙanen mata, kowanne da abin da yake faɗa maka. Sai dai ka tabbatar naka ne ba na wanda aka yi maka takwara da shi ka gada ba.

Wani abu kafin in manta. In ka gano ainihin ranar, ka rubuta ta a littafinka ka bar ta nan, kar zumuɗi ya kai ka ka ce za ka je ka canja ta a NIN ka bar BVN da takardar WAEC da fayil ɗin wajen aiki a kan tsohuwar, ranar da za ka nemi fasfo ko fansho za ka yi bayani.

Sai hotuna da takardu. Suna can ƙasan akwatin ƙarfe ko adakar tsohuwa cikin leda, in gara ba ta riga ka ba: katin rigakafi, rifot kat, hoton ranar sauka da allo mai zayyana, katin shaida na wajen aiki. Juya bayan kowane hoto, masu situdiyo na da sukan buga hatimi, wani lokacin har da kwanan wata. Wanda ya manne a jikin albam kar ka ɓamɓaro shi, fuskar ce za ta biyo ledar, na yi wa hoton babanmu haka har yau ina jin abin. Ɗauke shi da waya a inuwa ba filasha, kuma in za ka tura wa 'yan uwa a WhatsApp tura shi a matsayin dokumen don kar ya dushe. Kowane hoto ka kai wa tsohuwar ta faɗa maka sunan kowa ka rubuta a take. Muryar da ka naɗa kuwa daren ranar ka ɗora ta a Google Drive ko ka tura wa kanka a imel, ta farko da na yi da gwaggona ta minti arba'in ta tafi da wayar da aka zare min a tasha.

Ɓangaren fara sana'a shi ya fi wuya, don a nan ba shekara kake nema ba, kanka kake nema, kuma kai ne babban maƙaryacin. Duk wanda ya ɗan samu rufin asiri labarinsa ɗaya ne, ya sha wahala, ya yi haƙuri, ya yi biyayya, Allah ya ɗaga shi. Ni ma haka nake ba 'ya'yana labarin shekara huɗun da na yi ina koyon ɗinki, kafin zuwan GSM a 2001 in koma zama ƙarƙashin lema ina sayar da kira. Maganin wannan shi ne ka koma wajen wanda ya riƙe ka, da waɗanda kuka yi zaman shago tare. Na je na sami maigidana, ido ya yi rauni amma tsohon kekensa na Butterfly na nan an lulluɓe da zani, na durƙusa na gaishe shi na ce Baba ina so ka ba ni labarina. Ya ce "Ɗanlami ai hannunka na da kyau a aska biyu, amma barci, kuma kai ne ka ƙona shaddar Alhajin nan da dutsen guga na gawayi ana jibi salla ka ce ƙaramin yaron nan ne." Wallahi na yi shiru. Shekara ashirin da wani abu ina zaton ba wanda ya sani, har ni kaina na fara yarda yaron ne. Ya ce ya sani tun ranar, ya biya kuɗin yadin ya ƙyale ni don ya ga na tsorata. Yaron kuwa ya sha mari a banza.

Ka tambayi irin waɗannan mutanen ƙananan abubuwa, a nan labarin yake: nawa ake ba mu kuɗin abinci, wa ke zuwa ɗebo ruwa, me muke ci da rana, a ina muke kwana in aikin salla ya yi yawa. In aikin albashi ka fara, nemo takardar ɗaukar aiki da ta biyan albashin farko, ka rubuta adadin tare da abin da yake saya a lokacin, kwanon shinkafa, kuɗin mota, hayar ɗaki, in ba haka ba ɗan yau da ya taso ya ji mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ba zai gane me naira 125 ta 1981 ko 18,000 ta 2011 take nufi ba.

Wajen rubutawa kar ka ce sai ka faro daga haihuwa ka bi a jere, ba za ka gama ba. Sayi littafi mai ganye tamanin, kowane abu ɗaya shafinsa daban, a sama ka sa wa ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. In gwaggo ta ce kaza kawu ya ce ba haka ba ne rubuta duka biyun, ba alƙalanci aka sa ka ba. Abin da ya shafi sirrin wani, saki ko rigimar gado, bar shi a littafi kar ya hau Facebook. Naka laifin kuma ka rubuta shi yadda aka yi. Ni shafin shadda na rubuta shi, na kuma sa an nemo min lambar yaron, yanzu yana da shagonsa da yara shida a ƙarƙashinsa, na kira na ce masa Malam ni ne Ɗanlami na shagon Baba, akwai maganar da nake so mu yi. Ya ce "ta shadda ce?"