Yadda Ake Rage Maiƙon Fatar Kai Ba Tare da Gashi Ya Bushe Ba

Idan kwana biyu bayan wanke kai kika shafa tsagar kitsonki kika ga yatsa yana ƙyalli, ɗankwali ya soma wani wari-wari, amma jelar gashin a bushe take tana kakkaryewa a mataji, to maiƙon fatar kai ne ke damunki. Maiƙon nan daga jiki yake fitowa. A gindin kowane silin gashi akwai wata 'yar jaka mai tsatso da shi, kuma aikinta yana ƙaruwa daga lokacin balaga. Gado ma yana da hannu a ciki. Ga masu gashi miƙaƙƙe maiƙon yana gangarowa har jela, mu kuwa da gashinmu ke murɗe, sai ya tsaya a gindi ya taru. Shi ya sa za ki ga kai ɗaya, tushe ya yi danƙo, ƙarshe ya bushe ƙamas. Mai wannan gashi sai ta ga bushewar ta ƙara lafta man kitso a fatar kai, alhali fatar ba ita ke neman mai ba.

Ki fara tabbatar da abin da ke kanki. Ki wanke kai, kada ki shafa komai, ki bari ya kwana. Washegari ki danna takardar tishu a tsakiyar kai da ƙeya na ɗan lokaci. Idan ta fito da tabon mai, daga jikinki yake. Idan ta fito fes, maiƙon da kike gani na kwalba ne, kuma rage man kawai ya isa.

Wajen wankin kai ake yawan kuskure. Bayan tsifa, ki warware gashin da yatsu sannan ki bi da mataji mai manyan haƙora tun yana bushe, don gashin da ya zube ya fita kafin ruwa ya cukurkuɗa shi. Ki raba shi gida huɗu ki ɗaure kowane. Ki jiƙa da ruwa mai ɗumi, irin wanda za ki iya yi wa jariri wanka da shi, domin ruwa mai zafi sosai yana busar da gashi yana kuma tayar da ƙaiƙayi. Ki zuba shamfu kamar cikin ƙaramin cokali ga kowane gida, ki sa shi a fatar kai kai tsaye, ki murza da tsokar yatsu na minti biyu. Ban da farce, don farce na yi wa fata ƙananan raunuka da za su koma ƙuraje. Ki dage a ƙeya, bayan kunne da gaban goshi inda bakin ɗankwali ke zama. Jelar gashi ba ta buƙatar cuɗa, kumfar da ke gangarowa lokacin ɗauraya ta ishe ta. A wankin farko ba za ki ga kumfa sosai ba saboda mai ya cinye ta, sai ki ɗauraye ki maimaita. Na biyun ne wankin gaske. Ki ɗauraye har ki ji santsi ya tafi daga gindin gashin.

Kwandishana kuma daga tsakiyar gashi zuwa jela ake sa shi, a bar tazarar kamar yatsu biyu daga fata, ya yi minti uku a wanke. Karkashi ma yana yin wannan aikin na laushi da sauƙin taza, shi ma bayan shamfu za ki sa shi.

Sau ɗaya a mako ya isa ga yawancin mata, sau biyu a lokacin bazara da zufa ke kwarara. Namiji mai ƙaramar suma yana iya wankewa kullum ko bayan kwana ɗaya. Idan da kitso a kanki ba sai kin tsefe ba: ki haɗa shamfu kashi ɗaya da ruwa kashi uku a roba mai tsinin baki, ki bi tsaga-tsaga, ki shafa a hankali ki ɗauraye. Amma kitson hannu kada ya wuce mako biyu a kan mai maiƙo.

Sabulun salo yana cire mai sosai, har ma ya wuce gona da iri, domin yana da kaifin toka, fatar kai kuwa ta fi son abu mai ɗan tsami. Idan shi kike da shi, ki narka gutsure kamar ƙwallon dabino a kofin ruwa, kada ki goga shi a kai. In ruwan rijiyarku mai zartsi ne, sabulu zai bar wani farin danƙo a gashi. Babban cokali ɗaya na ruwan khal a kofi ɗaya na ruwa, a zuba bayan wanki a ɗauraye, yana sake shi. Kanwa, omo da sabulun wanki kuwa ba su da wurin zama a kan mutum.

Busar da kai bayan wanki shi ne matakin da ake rainawa. A yi wanka da asuba, a ɗaura ɗankwali a kan jiƙaƙƙen kitso, a ɗora hijabi, a fita cikin rana. Ɗumi da laima da mai sun haɗu ke nan, abin da ƙwayar amosani ke so. Ki matse ruwan da tawul ko tsohuwar riga ta auduga, ki zauna gaban fanka har ki taɓa gindin gashin ki ji babu sanyi. A cikin gida ki riƙa barin kai a buɗe yana shan iska. Hular ciki ta auduga ta fi ta leda-leda, kuma a sauya ta duk bayan kwana biyu. Rigar matashi a wanke ta duk mako, mataji ma a jiƙa shi a ruwan sabulu a goge da tsohon buroshi. Maza su leƙa cikin hularsu, wannan baƙin zoben da ke bakinta maiƙo ne da zufa, kuma yana komawa kai duk sanda aka sa ta.

Man gashi kuwa, kaɗan ake so. Ki lakaci man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa, ki narka shi a tafin hannu, ki shafa a jela kawai. Ki gaya wa mai kitso tun kafin ta fara kada ta bi tsaga da basilin. Shi ne ke kama ƙurar hunturu ya zama dauɗa, ya kuma gangaro ya fito da ƙuraje a goshi.

Idan maiƙon ya zo da ƙaiƙayi da ɓawo mai ɗan rawaya da ke maƙalewa a farce, amosani ne. Wata 'yar ƙaramar halitta mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kowa ce ke ci daga maiƙon, ta yi yawa ta fusata fata. Man zaitun abinci ne gare ta, don haka shafa shi ƙara wa wuta itace ne. A nemi shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin 100, irin su Nizoral, ko mai selenium sulfide irin su Selsun. A shafa a fata, a bar shi minti 3 zuwa 5 kafin a wanke. Idan aka wanke shi nan take, ba zai yi aiki yadda ya kamata ba. Ƙa'idar ketoconazole sau biyu ce a mako na tsawon mako 2 zuwa 4, amma yana busar da gashi irin namu, don haka sau ɗaya a mako tare da kwandishana a jela ya fi dacewa da mata. Kada a sa man miƙar da gashi a kan fatar da ke da rauni.

A je wurin likitan fata idan an yi wata guda ba sauƙi, ko ɓawon ya sauko gira da gefen hanci, ko fatar tana tsatsar ruwa. Yaron da gashinsa ke cinyewa a zagaye makero ne, maganin sha yake buƙata, shamfu kaɗai ba ya kashe shi. Macen da maiƙo ya haɗe mata da ƙurajen fuska, gashin haɓa da rikicewar al'ada, a duba mata sinadaran jikinta a asibiti.