Yadda ake haɗa randar sanyi don adana kayan miya a bazarar Damagaram

Duk matar da ta yi bazara a Damagaram ta san wannan takaicin. Ki je kasuwar Dole ranar Alhamis, ki cika kwando da tumatir da tattasai da salati don kin same su da araha, kafin Asabar tumatir ya fara zubar da ruwa, salati ya yi yaushi kamar tsumma. A Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40. Firigo ba kowane gida ke da shi ba, mai shi ma in kuran ya ɗauke tun azahar sai dai ta zuba ido. Abin da ya rage mini wannan asara shi ne randa biyu, ɗaya cikin ɗaya, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu.

Dabarar daga tsohuwar randarmu ta ruwan sha ta fito. Ruwa yana tsatsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, yana bushewa yana jan zafin da ke ciki ya tafi da shi. Wani malamin makaranta a jihar Jigawa, maƙwabciyarmu ta kudu, Malam Muhammad Bah Abba, shi ya yaɗa wannan haɗi na tukunya cikin tukunya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Busasshiyar iska ce ke yin aikin, mu kuwa Allah ya hore mana ita tun daga hunturu har faɗuwar ruwa.

Matakin farko shi ne zaɓen randa, kuma nan nake so ki ba da lokaci, domin in an kuskure a nan sauran wahalar banza ce. Ki nemi babba mai faɗin baki irin kwatarniya, wadda ba a shafa mata fenti ko siminti ko wani mai ba. In da hali ki leƙa Mirriya ranar Lahadi. Kilomita 18 ne kacal daga cikin gari, kuma masu ginin tukwane na can sun gaji sana'ar iyaye da kakanni. Ki ƙwanƙwasa ta da yatsa: mai lafiya ƙararta wasai take, mai tsagu muryarta a dushe. Ki kuma tambayi mai sayarwa kai tsaye, "Inna, wannan tana gumi kuwa?" Mai gumin ita kike nema. Da kin kai gida ki cika ta da ruwa ta kwana. In da safe kin ga bayanta ya yi duhu da danshi, ta yi. In a bushe ƙamas take, ki mayar da ita ma'ajiyar hatsi.

Ta ciki kuma ƙarama ce wadda za ta shige ta bar ratar yatsa biyu zuwa uku ta kowane gefe. Ita ba a son ta yi yoyo. Ni tukunyar dalma mai murfi nake sawa, don ta fi sauƙin wankewa kuma ruwan rairayi ba ya ratsa ta. Tukunyar yumɓu ma za a iya sawa, haka bokitin roba mai tsafta.

Na biyu, rairayi. Na bakin ƙorama ake so, mai ɗan tsakuwa-tsakuwa. Ki tankaɗe shi ki fitar da kara da kashin awaki, ki ɗauraye sau ɗaya ƙura ta fita. Ƙasa mai laka tana toshe ƙofofin randa.

Na uku, ki zaɓi wurin zama kafin ki haɗa, domin bayan an zuba rairayi da ruwa nauyinta ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Inuwa mai shan iska ake so: ƙarƙashin rumfa, gindin dogon yaro, ko bakin zaure inda iska ke ratsawa. Kada ki kulle ta a ɗaki ko madafa. Na taɓa yin haka don gudun akuya, kwana biyu na buɗe na tarar cikin da ɗumi, tattasai ya fara fumfuna. Ki ɗora ta kan duwatsu uku kamar murhu, iska ta riƙa bi ta ƙasa.

Na huɗu, haɗawa. Ki zuba rairayi a gindin babbar, ki ɗora ƙaramar, ki ƙara ko ki rage har bakinsu ya zo daidai, ko na ciki ya ɗan ɗara kaɗan don kada rairayi ya zuba cikin abinci. Sai ki cike ratar da rairayi kina dannawa da muciya ko sanda. Ki zuba ruwa da buta a hankali, kina zagayawa, har ya ƙoshi ya daina sha. Ki rufe da murfi ko faifai, ki jiƙa buhun algarara ko tsohon zani mai kauri, ki matse, ki lulluɓe sama. Ki bar ta wuni guda ta yi sanyi kafin ki sa komai.

Na san tambayar da ke bakin kowace ƴar Damagaram: ina ruwan? Garin da mace ke kwana a layin famfo ko jiran ɗan garuwa, ɗigo ɗaya ma abin lissafi ne. Zubin farko ne ke cin ruwa. Bayan shi moɗa ɗaya ko biyu safe da yamma ta ishe ni, sai ranar da aka tsananta zafi na ƙara da azahar. In tukunyar cikinki ta dalma ce ko roba, ruwan da kika ɗauraye kayan miya ko shinkafa zubi na biyu ya wadatar, muddin babu sabulu ko mai ko gishiri a ciki. In ta ƙasa ce, ruwa mai tsafta kaɗai, saboda yana ratsawa. Ki tusa yatsa a rairayin: in ya fito a bushe, lokacin ƙari ya yi.

Na biyar, abin da za a sa. Tumatir, tattasai, attaruhu, yalo, gauta, kuɓewa ɗanya, karoti, shu, salati da ganyen zogale duk suna jin daɗinta. Ki tsince mai rauni ko tabo ki dafa shi yau, ɗaya ruɓaɓɓe yana lalata saura. Kada ki sa su da ruwa a jiki. In kin wanke, ki bari su tsane. Masu nauyi a ƙasa, ganye a sama cikin ɗan ƙyalle. Mangwaro da ayaba da tumatir da ya nuna lugub suna fitar da wata iska mai hanzarta nuna, wadda ke sa ganye ya yi ɗorawa da wuri, don haka ki raba su, ko ki yi musu tasu randar. A gidana tumatir mai ɗan tauri yana cin sati lafiya lau, salati kwana uku zuwa huɗu.

Albasa da tafarnuwa da busasshen barkono da kuka ba sa son danshi, ki bar su inda suke. Abin da nake roƙonki da babbar murya kuma: nama da kifi da madarar jariri da ragowar miya kada su shiga. Sanyinta bai kai na firigo ba, bai isa ya hana ƙwayoyin cuta hayayyafa ba. Maganin da aka ce a ajiye a sanyi kuwa, ki tambayi likita tukuna.

Duk sati ki kwashe kayan, ki wanke tukunyar ciki, ki shanya ta a rana, ki wanke buhun. In kin ga fari-fari kamar kanwa ya feso a bayan babbar, gishirin ruwa ne yake toshe ƙofofin; ki goge da soso da ruwa zalla.

Da damina ta kankama a Yuli da Agusta, iska tana cike da danshi, sanyin randar yakan ragu sosai, sai ma ta jawo fumfuna. Lokacin ki zubar da rairayin, ki wanke randunan, ki kife su a inda yara ba za su fasa ba, sai kaka ta wuce iskar gabas ta dawo ki nemo sabon rairayi.