Yadda ake kiwon kifin anjel a gida a Kaduna

Kifin anjel, wanda masana ke kira Pterophyllum scalare, ɗan asalin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, inda ruwa ke da ɗumi duk shekara. Wannan shi ne abin da mai kiwonsa a Kaduna zai riƙe da kyau, domin sauyin zafin ruwa da ɗauke wuta na iya kashe shi a nan.

Akwatin gilashin da za a kiwata shi a ciki ya zama mai tsayi, aƙalla santimita 45, saboda kifin yakan kai santimita 20 daga sama zuwa ƙasa. Biyu na buƙatar lita 120, biyar ko shida kuma lita 200 ko fiye. Kowace lita kilo ɗaya ce, don haka a nemi teburi mai ƙwari, nesa da taga.

Kada a zuba kifi ranar da aka cika akwati. A bar matatar ruwa tana aiki sati 4 zuwa 6, ana ɗan jefa abincin kifi, har bakteriya masu amfani su yaɗu a soson matatar. Su ne ke mayar da amoniyar kashin kifi ta zama naitarait, sannan naitaret mai sauƙin illa. Ruwan famfo a sa masa maganin kashe kulorin. Na burtsatse a auna shi, ana son pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 7.5.

Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 25 da 28. A hunturu, cikin Disamba da Janairu, ruwa na yin sanyi sosai da asuba, kifin ya raunana, sai farin ɗigo kamar gishiri ya feso masa a jiki, ya riƙa goga jikinsa da dutse. Hita mai wat 100 zuwa 150 ta wadatar da lita 120. Idan an ɗauke wuta da dare, a lulluɓe akwatin da bargo. A bazara kuma, Maris da Afrilu, ruwan kan haura 30, iskar da ke cikinsa ta ragu, ka ga kifi a sama yana haki. A ɗaga murfi, a juya fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. Zuba ƙanƙara kai tsaye ɓarna ce. Famfon iska mai batir kuwa, wato na'urar da ke hura iska cikin ruwan, dole ne, gara ma a saye shi kafin kifin. In matata ta kwana a kashe, a ɗauraye sosonta da ruwan akwatin kafin a kunna, don ruɓaɓɓen ruwan cikinta guba ne.

Abinci sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti 2. Kowane mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, wato jarka ɗaya da ɗan ƙari a lita 120, da bokitin da bai taɓa ganin sabulu ba.

Kafin a fesa maganin sauro a ɗaki, a kashe famfon iska a rufe akwatin ruf, don ɗan kaɗan ya isa ya kashe su duka.

Kada a haɗa anjel da kifin taiga bab, yana yagar fika-fikansa, ko ƙananan kifayen niyon tetira, da anjel ɗin ya girma zai haɗiye su. Idan biyu suka ware suna share ganye mai faɗi suna korar sauran, ƙwai za su saka. A raba su da sauran, ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3.