Gadon katako da ake kwancewa: yadda za ka haɗa shi a gida

Kafin ka je wurin masu katako, auna katifarka. A Damagaram katifa iri biyu ce ke yawo: wadda aka yanka da santimita, kamar 140 da 190, da wadda ke shigowa daga Kano da ma'aunin ƙafa, wadda faɗinta kan tsaya wajen 137. Kada ka dogara da abin da mai shago ya faɗa, sa mita ka gani. Lissafin da ke nan na katifa 140 da 190 ne, kuma cikin gadon zai zama 142 da 192, don a samu wurin cusa zanin gado.

Katakon kansa shi ne babbar magana. Yawancinsa daga kudu ake kawo shi, daga ƙasar damshi, kuma yakan iso da sauran ruwa a jikinsa. In hunturu ya kama shi sai ya tsuke: allo mai faɗin santimita 15 na iya rage kusan rabin santimita, amma tsawonsa ba ya canzawa sosai. Shi ya sa gadon da aka buga da ƙusa a watan Satumba yake fara kuka da girgiza a Janairu. Ɗanyen katako yana da nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, kuma garinsa na dunƙulewa a bakin zarto. In irinsa ka samu, jera shi a inuwa, ɗage daga ƙasa, da ƴan sanduna tsakanin allo da allo, ya yi sati uku ko huɗu. Kada ka shanya shi a rana don sauri, murɗewa zai yi ya tsage. Wajen zaɓe, ɗora ido a bakin kowane allo ka leƙa tsawonsa kamar mai saitin bindiga, wanda ya karkace ka mayar. Wanda ke da ƴan ƙananan ramuka da gari na zubowa, ƙwaro na ciki.

Ƙafafu da gefuna a yi su da jan katako, irin su maɗaci. Farin katako ya fi arha da sauƙin aiki, amma laushi gare shi, noti na nutsewa a cikinsa, don haka a bar shi ga shimfiɗar ƙarƙashin katifa. A sa a fere maka komai da inji tun a can, don fere da hannu aikin kwana biyu ne.

Ga abin da za a yanka, duk da santimita. Ƙafafu huɗu masu kauri 7 da 7: biyu na kai tsawon 100, biyu na wajen ƙafa tsawon 45. Allo mai kauri 3 da faɗi 15: biyu tsawon 192 na gefe, huɗu tsawon 162, wato na kai, na ƙafa, da biyu na majingina. Sanda 3 da 4 guda biyu, tsawon 176. Allunan shimfiɗa 13, kauri 2, faɗi 8, tsawo 141. Sandar tsakiya 4 da 7, tsawon 190. Sai ƙusa mai noti guda takwas, kaurin milimita 10, tsawon santimita 12, mai mulmulallen kai, kowace da wasa, wato ɗan faifan ƙarfe mai rami da ake sawa ƙarƙashin noti. Ƙara sukuru na santimita 7 da na 5, farin gam na katako, da samfefa. In bayan fere kaurin ya ragu daga waɗannan lambobi, gyara tsawon allunan 162 ɗin: ƙa'idar ita ce 142, a haɗa da kaurin gefe biyu da na ƙafa biyu.

Fara da kai da ƙafa, su ne ba a sake kwancewa. Kwantar da ƙafafu biyu a daɓe mai laushi, ja layi a santimita 25 daga ƙasa, nan gindin allon zai zauna. Allon na hawa ne a bayan ƙafafun, bakinsa daidai da gefensu na waje. Shafa gam, ɗaure da sukuru huɗu na santimita 7 a kowace mahaɗa. Sai an fara huda da bakin milimita 4, in ba haka ba jan katako zai tsage ko kan sukurun ya karye a ciki. A zafin bazara gam na yin fata cikin ƴan mintuna, saboda haka mahaɗa ɗaya a lokaci ɗaya, da sassafe in da hali. Allunan majingina biyu su hau can sama. Bar su kwana ɗaya.

Kafin nan ka ɗaura sandunan 176 a cikin allunan gefe, gindinsu daidai da gindin allon, a bar santimita 8 a kowane ƙarshe. Gam da sukuru na 5, kowane santimita 20. Nauyin masu kwanciya duk a kansu yake sauka, ba wurin rowar sukuru ba ne.

Yanzu mahaɗar da ke riƙe gadon. Allon gefe na shiga ta cikin ƙafa, ya dunguri allon kai. Matse su tare, ka huda rami biyu su ratsa allo da ƙafa gaba ɗaya, ɗaya santimita 4 daga sama, ɗaya 4 daga ƙasa. Da ƙusa ɗaya allon zai riƙa juyawa a kanta, biyu ne ke hana shi. Mulmulallen kan ya kasance ta ciki don kada ya yaga katifa, noti da wasa ta waje inda sifana za ta kai. Abin da ya yi saura a yanke da zarton ƙarfe a goge, in ba so kake ya riƙa kama zanen uwargida da ƙaurin yara ba. Nan ba a sa gam ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin wucewa da haɗaɗɗen gado ta zauren gida a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya san dalili. Rubuta lamba a kowace kusurwa, domin ramin hannu ba ya zama iri ɗaya.

Kafin ka matse notin sosai, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta ciki, duka biyun. Kowace ta ba da kusan 239. In sun bambanta, tura doguwar har su daidaita, sannan ka matse.

Sandar tsakiya na tsayawa a kan sirin gefenta, da gajerun ƙafafu uku na wajen santimita 22. Auna su a ɗakin da gadon zai zauna, don daɓen siminti ba kasafai yake miƙewa ba: in sun yi tsawo gadon zai riƙa lilo a kansu, in sun gaza katifa ta yi kwari a tsakiya. Jera allunan shimfiɗa da tazarar santimita 6, guntun katako mai wannan faɗin ya isa ma'auni. Tazara mai yawa na yanka soso. Ɗaure na farko, na tsakiya da na ƙarshe da sukuru, har cikin sandar tsakiyar.

Duk wata tsaga a cike ta da garin zarto da aka kwaɓa da gam, domin nan kuɗin cizo ke kafa gida. A goge da samfefa mai lamba 80, sannan 120, a shafa banish sau biyu. Gindin ƙafafu ya sha sau uku, ta nan ruwan wanke ɗaki ke shiga, ta nan gara ke hawa, kuma a liƙa masa guntun robar taya. Baƙin man mota da wasu ke shafawa yana wari, yana ɓata zani, a bar shi. Gadon kada ya manne da bangon ƙasa, bar faɗin tafin hannu.

Bayan wata ɗaya sake matse noti takwas ɗin, haka kuma duk tsakiyar hunturu. In har yanzu yana ƙara, ɗaga allunan shimfiɗa ka goga kyandir a inda suke zama kan sanda.