Yadda za ka bi gwajin jini in kana fama da amosanin gaɓɓai na rumatoid

Idan likita ya riga ya tabbatar maka da rumatoid ne, wato ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓɓanka, to gwaji biyu ne za ka riƙa yawan gani a takardar lab: ESR da CRP. Don Allah ka san su, kar ka karɓi rizal ka linke ka cusa a aljihu kawai.

ESR jini ake zubawa a wani siririn bututu a tsaye, a jira awa ɗaya a ga milimita nawa jajayen ƙwayoyin suka kwanta. Kumburi na sa su saurin kwanciya. Amma fa yana da nawa, sai an kwana biyu yake hawa ko sauka, kuma shekaru na ɗaga shi, juna biyu ma haka, ƙarancin jini ma haka. Mai sikila kuma nasa kan fito ƙasa ko da kumburin na nan, wannan ka tabbata likita ya sani.

CRP wani sinadari ne da hanta ke yi in akwai kumburi a jiki, cikin awa 6 zuwa 8 ya fara tashi, kuma yana sauka da wuri in magani ya karɓe ka. Yawancin lab ƙasa da 5 ko 10 mg/L suke kira daidai. Matsalarsa ba ya bambance abin da ya tayar da shi, maleriya ko maruru ko ciwon haƙori duk sai ya hau, shi ya sa in kana zazzaɓi ranar ɗibar jini ka faɗa.

RF da anti-CCP, wasu gwaje-gwajen jinin daban, na gano ciwon ne tun farko, ba sai kana ta kashe kuɗi kana maimaita su ba.

Abin da na fi so ka yi: ka sayi ƙaramin littafi, duk ranar gwaji ka rubuta kwanan wata, ESR, CRP, maganin da kake sha, da minti nawa yatsunka suka yi a sanƙare da safe kafin ka iya matse kofin shayi ko ka ɓalle maɓallin riga. Ka tsaya a lab ɗaya in da hali. Likita zai haɗa lambar ESR ko CRP da gaɓɓai 28 da zai latsa ya fitar da makin DAS28, ƙasa da 2.6 ciwo ya lafa, sama da 5.1 yana ci sosai.

Wani gwajinsa zai fito lafiya lau alhali gwiwa ta kumbura sumtum, to kar ka yi shiru don takarda ta ce daidai, nuna wa likita gwiwar. Kuma in methotrexate kake sha, sau ɗaya ne a sati ba kullum ba, ka tambaya yaushe za a sake duba hanta da ƙoda da yawan ƙwayoyin jini.